Daƙiƙa Uku

Wata shida ya cika, takarda ta iso.
Na goge tabarau da bakin riga,
na buɗe littafin jirgi a kan tabarma
kamar ban taɓa tashi ba daga Garwa.

Awa dubu tara na rubuta a sama.
Na san ƙugun Binuwai inda ya lanƙwasa,
na san tafkin Lagdo in hantsi ya dake shi,
na san iskar da ke laɓe bayan duwatsun Mandara
tana jiran mai sauka Marwa.

Amma lasisi ba gonar gado ba ce.
Aro ne, kuma mai abu yana zuwa dubawa.

Likita ya fara karɓar nasa:
ya ɗaure dantse, ya saurari ƙirji,
ya ce, "Jatau, karanta layin ƙasa."
Na karanta, harafi ɗaya na yi mini rawa.

Mai gwada ni yau Asta ce,
wadda ni na fara ɗora hannunta kan sitiyari
shekara sha ɗaya baya, tafinta duk gumi.
A ƙasa ta rusuna, "Baba, an tashi lafiya?"
Da muka rufe ƙofa, ta zare alƙalami,
ba ta da uba, ba ta san kowa.

Ƙafa dubu huɗu, saman gonakin auduga,
ta miƙa hannu ba sallama,
ta janye wutar injin hagu.
Jirgi ya karkace kamar jakin da mangalarsa ta zame.
Ƙafata ta tuna, ta taka.
Hannu ne ya tsaya,
ya rataye tsakanin maɓalli biyu
yana tambayata wane ne,
ni da na yi zaton shi zai gaya mini.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Sannan ya sami hanya, farfela ta lafa,
hanci ya daina sunkuyawa.

Daƙiƙa uku.
Ba su isa a kurɓi shayi ba,
sun isa a mai da mata tara masu takaba
in da dare ne, da hadari, da ƙasa kusa.
Asta ba ta dube ni ba. Ta rubuta.
Ta ce, "Kyaftin, mu sake." Muka sake.
Sau huɗu, har riga ta manne mini a baya,
har hannu ya bar shawara da ni,
ya je da kansa, ba tsayawa.

Ina saukowa na tuna mahaifina,
mai fito a mashigin Binuwai shekara arba'in.
Duk farkon damina sai ya ɗauki gora
ya bi kogin yana zungurar ƙasa kamar baƙo.
Na ce, "Baba, ba ka san shi ba har yau?"
Ya ce, "Na san na bara.
Yashi ba ya kwana inda ka bar shi,
haka ma abin da ke cikin kanka.
Wanda ya ce ya gama sanin ruwa
shi ake nema da ƙugiya a ruwa."

Ta sa hannu. Wata shida kuma.
A ƙasan takarda, da ƙaramin rubutu:
a riƙa maimaita matakan mutuwar inji.
Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji,
daga filin jirgi zuwa kasuwar kifi,
can ya sauka, na sayo ragon ruwa.

Yanzu bayan isha nakan zauna kan kujerar roba,
ido rufe, ina taɓa maɓallan da babu,
baki na jero su ɗaya bayan ɗaya.
Jikata Ladiyo tana leƙe daga bayan randa,
wai Kaka na kama sauro a duhu.
Bar ta ta yi dariya.

Jibi ina da mutum tara zuwa Njamena:
wani ɗan kasuwar albasa, wata mai jego,
ɗalibi da bai taɓa barin ƙasa ba.
Za su yi bisimilla, su ɗaura ɗamara, wasu su yi barci.
Ba wanda zai ji labarin daƙiƙa ukun nan.
Ni na san inda na binne su,
kuma kullum sai na koma dubawa.